Ba kowace lanƙwasasshiyar sanda ce baka ba

Idan masu tonon kayan tarihi suka ciro doguwar sanda mai lanƙwasa daga cikin laka, zuciya takan yi saurin cewa baka ne. Amma lanƙwasar nan ita ce shaida mafi rauni, domin nauyin ƙasa na dubban shekaru yana tanƙwara itace, wani lokaci ma ta inda maharbi bai taɓa ja ba.

Jikin itacen ake karantawa. Bayan baka, wato gefen da ke fuskantar abin harbi, gwanin masassaƙi yakan bi zoben shekara guda ɗaya, wato layin da itace ke ƙarawa a jikinsa kowace shekara, daga sama har ƙasa, don idan ya yanke shi, nan bakan zai karye. A cikinsa kuma, gefen maharbi, a haska fitila a karkace. Ƙananan tsage-tsage da suka gitta jijiyar itacen alama ce ta matsi, wato an sha jan bakan. Sai a duba ƙarshensa biyu, ko akwai gurbin tsirkiya da ya goge ya yi santsi.

Bakan Ötzi, mutumin da aka samu cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, tsawonsa santimita 182, amma babu gurbin tsirkiya, ga kuma sawun sassaƙa baro-baro. Shi ya sa ake ganin bai gama shi ba. Kibau 14 ne a kwarinsa, biyu kacal suka kammalu. Bakunan Holmegaard na Denmak kuwa, masu kimanin shekara 9,000, hannayensu masu faɗi da siririn mariƙi sun isa shaida.

A auna komai itacen yana jiƙe, kada a bari ya sha iska. Ruwa ne ke riƙe da siffarsa, da ya bushe zai motse ya tsattsage. Sai an jiƙa shi a sinadarin PEG, wanda ke maye gurbin ruwan a hankali.

Baka mai ƙota da kunama irin ta bindiga ya fi wuyar ganewa. A ramukan sojojin yumɓu na sarkin ƙasar Sin, Chin Shi Huwang, da aka gano kusa da Shi'an a 1974, yawanci itacen ya ruɓe. Abin da ya rage shi ne kunamar tagulla, sassa uku da ƙusoshi biyu, sai tabo da gurbin itacen a ƙasa. Wanda ya yi gaggawar ɗauke kunamar bai zana tabon nan ya auna shi ba, ya rasa tsawon ƙota da faɗin baka gaba ɗaya.