Makirfon ladan ya fi dacewa da ɗakina

A Kano, mai neman kayan naɗar murya a gida yakan samu kansa tsakanin shaguna iri biyu. Akwai na masu kayan waya, irin na Farm Centre da Beirut Road, inda aka rataye fitilun ɗaukar hoto da ƙafafun ɗora waya da makirfo masu ruwan zinare cikin kwalaye masu sheƙi. Akwai kuma na masu kayan masallaci da na biki, can wajen Sabon Gari, inda lasifikoki ke jibge har rufi, ƙura ta cinye rabinsu, mai shagon ma bai damu ya goge ba. Samari duk na farkon suke nufa. Ni kuwa yawancin abin da ke kan teburina daga na biyun ya fito.

Aikina karanta littattafai da naɗar darussa, jefi-jefi kuma in yi wa wani mai shago muryar talla. Ɗakin da nake aikin yana kallon titi. 'Yan adaidaita sahu na danna oda, mai ruwa na tura kura, maƙwabcina yana da janareto wanda ba ya jiran magariba, ga akuyar gidan baya da ba ta san ana aiki ba. Duk shawarar da zan bayar a nan, daga irin wannan ɗakin ta fito. Wanda ke da situdiyo mai katanga biyu, lissafinsa daban ne.

Abin da mai shagon kayan waya zai fara miƙo maka shi ne kwalin nan mai BM-800 a ciki, haɗe da ƙafa mai lanƙwasa, da soson baki, da ƙaramin akwatin V8 mai maɓallan tafi da dariya. A ido dai situdiyo ce guda a kwali ɗaya, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Makirfon ciki kondensa ne, wato irin mai siririyar fata da ke motsi da ɗan ƙanƙanin iska, kuma sai da wuta yake aiki. Idan ka soka shi kai tsaye a kwamfuta da igiyar da ya zo da ita, muryar takan fito siririya da wani shuu a ƙarƙashinta. Idan ka ba shi wutar 48V, wadda ake tura wa irinsa ta cikin igiya, ya farfaɗo, sai kuma ya jiyo maka komai. Wani ƙanina ya kawo nasa ɗakina muka gwada. Da na sa abin kunne, kafin in buɗe baki na ji fankar sama tana juyawa, na ji cokali yana bugun kofi a tsakar gida, na ji takun wani a soro. Shi kuma V8 ɗin don masu waƙa kai tsaye a intanet aka yi shi, amsa-kuwwa yake zuba wa murya, kuma da zarar ta shiga cikin abin da ka naɗa, babu manhajar da za ta cire maka ita tsaf.

Makirfon da ladan ke riƙewa dainamik ne. A cikinsa naɗin waya ne da maganaɗisu, ba ya buƙatar batir ko wata wuta, kuma jinsa bai kai na kondensa kaifi ba. Wannan rashin kaifin shi ne alherinsa a gare mu, domin yana tilasta maka ka matso. Duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirfo da rabi, muryarka na ƙaruwa da kusan dasibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, amma janareton maƙwabci yana nan yadda yake. Ka matso har tazarar yatsu uku ko huɗu, ka rage maɓallin ƙara, sai titi ya koma can ƙasa. Yawancinsu kuma daga gaba suke ɗauka, bayansu kurma ne, don haka nakan juya gindin makirfon ya kalli taga.

A shagunan kayan masallaci za ka samu Ahuja, na wani kamfanin Indiya, wanda kusan duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mumbari ya san sunansa. Ba don naɗar littafi aka ƙera shi ba, amma mai igiyar XLR ɗinsa, wato mai baki mai ƙafa uku, yana fitar da magana tas, kuma yana jure faɗuwa. In da hali, Behringer XM8500 ya fi shi cikar murya, kuma shi nake amfani da shi kullum. Sai kuma Shure SM58, wanda ya fito tun 1966 kuma har yau ana hawa dandamali da shi a duniya. Na gaskiyar kuɗinsa wajen dala 100 ne a ƙasashen da ake kawo shi daga can. Saboda haka in an ce maka ga sabo dal a kwali da kuɗin da bai kai rubu'in haka ba, ka san abin da ke hannunka. Na taɓa tambayar wani dattijo mai shago, na ce, "Baba, wannan na asali ne?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, mai kyau ne." Na sake tambaya, ya sake cewa mai kyau ne. Ban ga laifinsa ba, bai yi min ƙarya ba. Wasu kwafin ma suna aiki daidai gwargwado, abin da ban yarda da shi ba shi ne in biya kuɗin suna a kan abin da ba shi ba. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka kwance kan ka duba ɗinkin wayoyin ciki, ka shafa jikinsa yana kunne. Na jabu ko yatsa ka motsa sai ka ji gurr a kunne.

Daga nan sai abin da zai kai muryar cikin kwamfuta, wanda 'yan kasuwa ke kira sawun kad. Behringer UM2 da UMC22 su ne na talaka, Focusrite Scarlett Solo na wanda aljihunsa ya ɗan yi nauyi. Ka sani dai makirfon dainamik yana son a murɗa masa maɓalli sosai, kuma ƙananan nan in an kai su ƙarshe sukan fara huci. Maganin shi ne dai matsowar da na faɗa. Idan ka ci karo da Samson Q2U, ko na hannu ne, kada ka wuce shi: dainamik ne mai ramin USB da na XLR da na abin kunne duk a gindinsa, ya raba ka da sayen sawun kad gaba ɗaya.

Akwai tarko guda a shagunan kayan biki. Za a nuna maka ƙaramar mikisa mai layi huɗu, a ce ai tana da USB. Da yawansu ramin nan na soka filashi ne a kunna waƙa, ba ya aika komai zuwa kwamfuta. Kada ka tsaya musu, ka fito da kwamfutarka ka haɗa a gabansa, in sunanta bai bayyana a jerin na'urorin ɗaukar sauti ba, ka yi godiya ka ƙara gaba.

Wanda wayarsa ce situdiyonsa, shi kam shagon kayan waya zai koma, kuma akwai abin kirki a can. Boya BY-M1, ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga, yana da igiya mai tsawon mita 6 da ƙaramin batir LR44 da maɓallin zaɓi tsakanin waya da kyamara. Yana ɗauka ta kowane ɓangare, amma da yake a ƙirji yake zaune, murya ce ke rinjaye. Malaman da nake naɗa wa darasi shi nake sa musu. Ka duba bakin igiyar: mai zobe uku shi ne na waya, mai zobe biyu na kyamara ne ko abin kunne, kuma rabin kukan "makirfona ba ya yi" daga nan yake. In wayarka ba ta da ramin iyafis, ka gwada mahaɗin Type-C ɗin a shagon, domin wasu sauti kawai suke fitarwa, ba sa shigarwa. Su kuwa ƙananan marasa igiyar nan masu araha da suka cika gari, na'urar rage hayaniyar da ke cikinsu takan ci gefen kalmomi, mutum ya riƙa fita kamar mai magana a cikin randa. Don bidiyon minti ɗaya a kasuwa babu laifi. Littafi mai babi talatin kuwa, mai sauraro zai gaji tun a na biyu.

Ban taɓa shiga shagon kayan sauti hannu rabbana ba. Kwamfutata na cikin jaka da Audacity a buɗe, manhajar kyauta ce, da abin kunnena na gida wanda na san halinsa. Nakan naɗi shiru na daƙiƙa goma, in ƙara masa ƙarfi in saurara. A cikin hayaniyar kasuwa ma, hucin na'ura daban yake da surutun mutane, shi a miƙe yake ba ya hawa ba ya sauka. Sai in faɗi kalmomi masu sautin "fa" da "ba" da "ƙa", in ji yadda yake karɓar iskar baki. Sai in kama igiyar daga wuyanta in girgiza. In ta yi ƙaras-ƙaras, a canza. Masu shago ba sa son wannan dogon gwajin, musamman in akwai layi, shi ya sa nake zuwa da hantsi a ranar aiki, in fara da gaisuwa mai kyau, kuma kafin in ƙirga kuɗi mu yi magana a kan canji, a rubuta a rasit.

Igiya ita ce abin da kowa ke rainawa. Ta XLR mai ƙafa uku an tsara ta ne don ta soke ƙugin da take kwasowa a hanya, shi ya sa ta fi mai bakin jak ɗaya nesa ba kusa ba. Wadda ake sakawa kyauta a kwali takan mutu daga wuya. Ni nakan sayi waya mai kauri da awo, in sayi kawuna na ƙarfe, in kai wa mai gyaran rediyo ya ɗinke min da dalma. In ta tsinke, shi zai sake gyarawa. Idan kuma ka koma gida ka ji wani ƙugi mai kauri a ƙarƙashin murya, kafin ka zagi makirfo ka zare cajar kwamfuta. Wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, kuma caja marar kyau ko janareto sukan shigo da ƙarar cikin naɗi. Ni a kan batir nake naɗa, in gama sannan in mayar da caji.

Abin kunne ya zama mai igiya, mai rufe kunne ruf. Na Bluetooth yana jinkiri, ka ji kanka bayan ka gama faɗa, harshe ya riƙa sarƙewa. Masu dukan ƙirjin nan na jin waƙa kuma yaudararka za su yi, ka ɗauka muryarka ta cika alhali a wayar mai sauraro fayau take. Audio-Technica ATH-M20x ya ishi mai farawa.

Sauran gyaran ba a shagon lantarki yake ba. Barguna masu kauri na gwanjo daga Ƙofar Wambai, ɗaya a bayana ɗaya a kan taga, da darduma a ƙasa, da ƙofar kabad ɗin kaya a buɗe, sun yi wa muryata abin da sabon makirfo ba zai yi ba. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango wahalar banza ce, ba ya tare ƙarar titi, sai tara kyankyasai. Fanka dole a kashe ta, ko a watan Afrilu ne, shi ya sa nake naɗa babi-babi in fita in sha iska. Ina ajiyewa a WAV, tsarin fayil da ba ya matse sauti, ina lura kada allurar ma'aunin ƙarfin sauti ta riƙa wuce dasibel -12, sai an gama gyara in mayar MP3.

Abin da har yau ban samu mai gamsarwa da araha ba shi ne ƙafar makirfo. Masu lanƙwasar nan na cikin kwali, in ka ɗora musu XM8500 sai su riƙa sunkuyawa a hankali kana tsakiyar karatu, sifirin ɗinsu kuma yana kuka in an taɓa tebur. Na sayi doguwar ƙafar ƙasa irin ta masallaci, ita kuma ta cinye min rabin wurin zama. Yanzu na kai wa wani mai walda a unguwarmu awo, zai yi min gajeriya mai gindin ƙarfe da roba a ƙasa, ya ce in dawo ranar Asabar.