Abin da aikin gwajin cutar kansa da 'yan Latino ya koya min a Bronx

Ni nas ce, ina aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a Bronx cikin birnin New York, kuma duk wanda ya san Bronx ya san fiye da rabin mutanen wurin 'yan Latino ne, 'yan Jamhuriyar Dominika da Puerto Rico da Meziko da Honduras da sauransu. Lokacin da aka sa ni a ɓangaren gwajin kansa wallahi na ɗauka aiki ne mai sauƙi, tunanina kawai rashin sani ne ke damun mutane, in an wayar musu da kai shikenan za su zo.

Su 'yan Latino kansar nono da ta huhu da ta hanji ba ta kama su kamar yadda take kama fararen fata, amma kansar hanta da ta tumbi kusan ninki biyu suke samu, ta bakin mahaifa ma sun fi, kuma duka ukun nan suna da alaƙa da ƙwayoyin cutar da ake iya ganowa ko a yi rigakafinsu: HPV a bakin mahaifa, ciwon hanta na B da C, sai wata ƙwayar cuta H. pylori da ke zama a tumbi. Ita kansar nonon ma da ba su cika samu ba, in an gano sau da yawa ta riga ta yi nisa. Abin da ke cin raina kenan, cuta ce da ake iya tarewa.

Farkon abin da na yi shi ne na buga takardu da Sifaniyanci na ajiye tebur a bakin wani shagon wankin kaya ranar Asabar. Mata suna karɓa suna murmushi suna cewa gracias, na raba sun fi ɗari, amma waɗanda suka zo gwaji ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Na koma gida raina a ɓace.

Wadda ta buɗe min ido wata dattijuwa ce 'yar Dominika, irin matan da suke kira promotora, wato matar unguwa da aka ba horo kan harkar lafiya take shiga gida-gida da coci-coci. Ni doña nake ce mata, kalmar girmama babbar mace ce a Sifaniyanci, ita kuma mija take ce min, wato 'yata. Ta ce mija, ba wadda bata san kansa ba a cikin matan nan, kowacce ta binne wani nata, ki daina faɗa musu abin da suka sani ki tambaye su me ya hana su zuwa. Da na fara tambaya kuwa sai na ji abin da ban taɓa kawowa ba. Wata aikin kula da tsofaffi take a gidaje, in ta ɗauki rana guda ba a biyanta, gashi ita ke aika wa uwarta kuɗi can gida. Wata bata da inshora tana tsoron a aiko mata da bil ɗin da zai cinye albashin wata uku. Da yawa kuma maganar takardun zama ce, tun da aka fito da dokar nan a 2019 cewa cin tallafin gwamnati zai iya hana mutum samun katin zama mutane suka janye jiki daga asibiti, har waɗanda dokar bata shafa ba, kuma ko da aka janye ta tsoron bai fita ba.

Sai muka canza salo. Maganar farko da doña ke yi yanzu ba ta cuta bace, ta kuɗi ce: jihar New York tana da shirin gwajin kansar nono da bakin mahaifa da hanji kyauta ga marasa inshora, kuma akwai NYC Care da aka fara a nan Bronx ɗin a 2019, wanda mutum zai shiga ya ga likita ko yana da takardu ko ba shi da su. Sai an sauke wannan nauyin sannan kunne ke buɗewa. Mun kuma roƙa aka ba mu awannin yamma da Asabar ɗaya a wata.

Akwai kunya kuma, su vergüenza suke cewa, kuma ranar da na fara jin yadda suke bayaninta sai da na tuna gwaggona a Zariya. Mace bata son namiji ya duba ta, wata ma sai mijinta ya yarda. Haka in ka ce ta zo ranar kaza sai ta ce si Dios quiere, in Allah ya so. Wasu abokan aikina suna ɗaukar wannan a matsayin mutum ya sallama ba zai nemi magani ba, ni kuwa da na tashi da in sha Allahu a baki na san ba haka bane, sai in ce mata eh in Allah ya so, ƙarfe nawa zan kira ki in tuna miki?

Amma abin da ya fi tsaya min a rai wani bawan Allah ne direban tasi, ɗan shekara 52. Tun 2021 aka sauko da shekarun fara gwajin kansar hanji daga 50 zuwa 45, to maza basa son a sa musu na'ura ta dubura, shi yasa muke ba su ɗan kwalin gwajin bayan gida su yi a gida su dawo da shi. Ya yi, na yi murna, na sa shi a lissafin waɗanda muka samu. Ashe sakamako ya nuna jini, wasiƙar da aka aika masa da Turanci take, 'yarsa 'yar shekara 13 ce ta karanta masa, yarinya ta ga kalmar positive, wadda a gwaji take nufin an ga abin da ake nema, ta ɗauka alheri ne ta ce baba sakamako ya yi kyau. Wata biyar takardar tana kan firji. Ni ce ya kamata in bi sawu ban bi ba, hankalina na kan ƙara yawan waɗanda aka gwada. Allah ya taimaka da aka duba shi abin bai bazu ba, aka yi masa aiki yana nan yana tuƙinsa, amma na daɗe ban yi barci mai kyau ba.

Daga nan na nemi sanin aikin Dakta Harold Freeman, wanda tun 1990 ya fara a asibitin Harlem cewa a haɗa mara lafiya da mutum guda da zai riƙe hannunsa daga gwaji har magani. Yanzu ina da littafi, duk wanda sakamakonsa ya fito da matsala sunansa baya fita daga ciki sai na tabbatar ya ga likitan da ya dace. Muna kira da baki ba wasiƙa kawai ba, kuma na hana yara yin tafinta kwata-kwata, akwai tafinta ta waya kyauta kuma haƙƙin mara lafiya ne ya nema.

Rigakafin HPV kuma, wanda ake yi wa yara mata da maza tun daga shekara 9, iyaye Latino ba su cika gardama ba in likita ya faɗa musu kai tsaye cewa rigakafin kansa ne, matsalar dawowa allura ta biyu ce, ita ma ta shiga littafin. Da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 na kira ƙanwata na ce ta kai 'ya'yanta, ta ce ai ana ta surutu a kai, muka yi kusan awa guda a waya kafin ta yarda.

Kuma fa a titunan nan dai matanmu suke, Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya, aiki iri ɗaya suke da matan Latino, tsoro iri ɗaya. Watan jiya doña ta raka ni wani masallaci bayan Juma'a, ta ɗaura gyale ta zauna a ɓangaren mata tana jin ina bayani da Hausa, mata bakwai suka ba da suna. Huɗu sun zo, ukun ina kan kiransu.