Malam mai tsanani a wasan kwaikwayon makaranta: yadda za a fito da abin da ke zuciyar ɗalibi

Duk shekara in zango na uku ya zo ƙarshe, wajen watan Yuli, makarantun sakandare a Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara kan yi bikin rabon kyaututtuka, kuma da wuya a watse ba a yi wasan kwaikwayo ba. In aka bar wa yara zaɓi, labarin da za su kawo ba ya wuce uku: auren dole, shaye-shaye, sai malami mai tsanani. Na ukun nan ya fi saurin tara dariya, kuma shi aka fi ɓatawa.

Hanya biyu ake ɓata shi. Ko dai a mai da malamin dodo, ya shigo yana zare ido da dorina a hannu, ya daki wannan ya daki wancan, 'yan kallo su yi ta shewa har a tashi. Ko kuma a bar shi yana tsanani har fitowa ta huɗu, sai a ta ƙarshe a gano ashe shi ya biya wa yaron kuɗin jarrabawar WAEC a ɓoye, yaron ya durƙusa yana kuka yana neman gafara. Duka biyun sun sauƙaƙa wa ɗalibin aiki, domin an yanke masa hukunci. Alhali duk wanda ya zauna a aji ya san ba haka abin yake ba. Akwai malamin da kake jin ƙarar mashin ɗinsa gabanka ya faɗi, kana jin haushinsa har cikin rai, amma in wani ya zage shi a gabanka sai ka ji babu daɗi, kuma darasinsa ne kaɗai ba ka mantawa. Wannan rabuwar zuciya ita ce wasan. Malamin madubi ne kawai, labarin na yaron ne.

Duk da haka, da malamin ake fara gini. Abu uku yake buƙata, kada a ƙara masa.

Na farko, doka ɗaya tak wadda ba ya sassautawa ga kowa. Mafi sauƙin nunawa a dandali ita ce makara: ƙarfe takwas saura kwata yana tsaye a bakin ƙofa da rajista, wanda ya zo bayan nan ya shiga layi. Dole 'yan kallo su ga dokar ta hau kan ɗan mai kuɗi kamar yadda ta hau kan ɗan talaka, tun a fitowa ta farko. In ba su ga haka ba, babu dalilin da zai sa yaron ya girmama shi daga baya.

Na biyu, laifi na gaske. Nan ne malaman da ke shirya wasa suka fi ja da baya, saboda ba sa son a nuna ɗan'uwansu ya yi kuskure a gaban iyaye. To amma in malamin bai taɓa cutar yaron ba, haushin yaron ya zama rashin kunya kawai. A ba shi kuskure ɗaya mai ciwo. Misali, damina ce, mahaifin yaron yana kwance ba lafiya, shi ke sammakon zuwa gona kafin ya taho makaranta. Ya iso ƙafarsa duk taɓo, ya buɗe baki zai yi bayani, Malam ya ɗaga hannu ya hana shi, ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban 'yan ajin farko da yake yi wa monita. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙannensa na kallo, kuma ba a saurare shi ba. Kada Malam ya zo daga baya ya ba da haƙuri. Malamai irinsa ba sa yi, kuma yara sun sani.

Na uku, alheri ɗaya wanda babu jawabi a cikinsa. A guji zancen biyan kuɗi a ɓoye, an gaji da shi. Abin da ya fi kama zuciya ƙarami ne: an tashi makaranta, Malam ya tsare yaron shi kaɗai a aji, ya ba shi alli, ya sa shi maimaita lissafi ɗaya a allo sau uku yana gogewa, har ya ci. Sannan ya dubi allon, bai dubi yaron ba, ya ce, "Tahi." Yaron bai san ko horo aka yi masa ko gata ba. 'Yan kallo ma kada a gaya masu.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya. Ɗalibi Bahaushe ba ya duban malaminsa cikin ido ya faɗi abin da ke ransa. Kunya ba ta bari, tarbiyya ba ta bari. Duk rubutun da ya sa yaro ya tsaya gaban Malam yana cewa ya cuce shi amma yana ƙaunarsa, daga finafinan waje aka kwaso shi, kuma iyayen da ke zaune a rumfa za su ji baƙon abu ne. A gaban Malam, kalmomin yaron kada su wuce "Na'am, Malam" da "To, Malam". Sauran a jikinsa za a gani: yadda yake sunkuyar da kai, yadda yake murza gefen riga, yadda yake jinkirin daƙiƙa biyu kafin ya amsa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Saboda haka sai a nema masa wuraren da bakinsa zai buɗe. Biyu sun isa: wurin abokai da wurin mahaifiya. Kuma dabarar ita ce a kowane wuri ya faɗi kishiyar abin da ake jira daga gare shi.

A wurin abokai, lokacin tara, shi ne gwanin kwaikwayon Malam. Yana tafiyarsa, yana gyaran muryarsa, kowa na dariya. Sai wani ya zarce, ya fara yi wa takalmin Malam da ya sha ɗinki ba'a, ya ce ko kuɗin sabo ba shi da su. Nan take yaron ya daina dariya.

"Kai, bari. Wanga ba wasa ba ne."

"Ba kai ya sa tsallen kwaɗo jiya ba?"

"Awo, ni ya sa. To kai mi naka ciki?"

Layi uku ke nan, kuma sun yi aikin da shafi guda na jawabi ba zai yi ba. A bar yaran su yi maganar da harshen da suke yi a gida, da "wanga" da "mi" da "tahi", kada a tilasta masu Hausar littafi. Malam shi ma ya yi Hausar gari, sai dai ya riƙa jefa 'yan kalmomin Ingilishi in ransa ya ɓaci, kamar yadda ake yi.

A gida kuma abin ya juya. Inna ta ga yana ɗingishi, ta ji labari, ta ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Malam gata yake yi masa. A nan ne yaron zai fashe: "Inna, ko tambayata bai yi ba. Ba shi da tausai." Ya shige ɗaki. Bayan ɗan lokaci a gan shi a bakin fitila yana buɗe littafin lissafinsa, wanda Malam ya bi layi-layi da jan biro, yana sake aikin da aka soke. Littafin nan shi ne kayan wasa mafi muhimmanci. A samo sabo mai shafi 40, a cika shafi biyu na tsakiya da manyan alamun ja, da alƙalami mai kauri ba biro ba, don na layin baya su hango in ya ɗaga shi.

Game da tsawo, minti 25 ya isa, a fitowa biyar: bakin ƙofa minti huɗu, aji da tsarewar bayan tashi minti shida, wurin abokai biyar, gida shida, rufewa huɗu. Masu magana kada su wuce bakwai, sauran su cika aji. A karanta rubutun da ƙarfi ana duba agogo, in ya kai minti 20 a tsaya nan, domin dariyar jama'a da jan benci tsakanin fitowa za su cinye ragowar. Wasan da ya haura rabin awa a irin wannan taro, manyan baƙi sun fara duban agogo, yara sun fara yawo.

'Yan wasa a ɗebo su daga aji biyu na babbar sakandare. 'Yan aji uku suna cikin WAEC a Mayu da Yuni, NECO kuma na biye, ba za su samu zuwa gwaji ba. Mako shida, sau uku a mako, minti 40 bayan tashi. Mako biyun farko a zaune ake karatu. Na uku da na huɗu a tsaye, da takarda a hannu. Daga na biyar babu takarda, kuma gwaji biyu na ƙarshe a yi su a ainihin wurin da za a yi wasan, da lasifika a kunne.

Wanda zai fito a Malam kada ya zama sarkin barkwancin aji, ko da shi kowa ke nunawa. Da ya taka dandali za a fara dariya kafin ya yi magana, tsoron da ake son a ji ya tafi. A nemi yaro mai natsuwa, mai murya ƙasa-ƙasa, a koya masa abu biyu: ya rage motsi, kuma kada ya ɗaga murya sai sau ɗaya a duk wasan. Shigarsa ma a kiyaye. Yaranmu da tashe suka saba, in an ce su fito a babba sai su liƙa gemun auduga su cusa tsumma a ciki. Wannan na watan azumi ne. Kaftani mai sauƙi, hula, agogon hannu da rajista sun wadatar.

Wani abin da nake ganin bai kamata a yi sassauci a kansa ba: kada a kwaikwayi wani malami na makarantar. Yara za su so su saka tafiyar wane ko kalmar da wane ya saba faɗa, kuma filin zai ɗauki ihu. Amma mutum ne ake tozartawa a gaban iyalinsa da iyayen ɗalibansa, wasan kuma ya tashi daga labari ya koma ramuwa. A zaɓi sunan da babu mai shi a cikin malamai, a ba shugaban makaranta da malamin ladabtarwa rubutun su karanta tun mako na biyu, ba ana gobe biki ba.

Duka kuwa, in ana iya kauce masa a kauce. Tsallen kwaɗo biyar ko kamun kunne na daƙiƙa goma ya fi bulala nuna wulaƙanci, kuma babu wanda zai ji rauni. In dole sai an yi, bulalar kada ta taɓa jiki. Malam ya tsaya tsakanin yaron da 'yan kallo, da tazarar taku ɗaya, ya kai dukan a iska, wani a bayan labule ya buga silifa a kan benci daidai lokacin. Sau uku, ba ƙari. Abin da ke lalacewa a nan shi ne ƙarar ta riga hannu ko ta biyo baya, jama'a su kwashe da dariya a wurin da ake son shiru. Maganinsa mai silifar ya tsaya inda yake ganin kafaɗar Malam, su gwada tare sau ashirin. A makarantar da ke haɗe maza da mata, mai fitowa a Malam kada ya taɓa ɗaliba ko da wasa.

Haka nan a bar duk wata ƙara mai kama da harbi, da ihun "ga su nan", da gudu na ba-zata daga bayan rumfa. Tun sace ɗalibai da aka yi a makarantun Jangebe da Birnin Yawuri a 2021, zukatan iyaye a taron makaranta ba a kwance suke ba, ƙaramin abu kan tarwatsa wuri.

Sauti ne ke kashe yawancin wasanninmu. Yaron da rawarsa ta ginu kan sunkuyar da kai, in bai yi hankali ba ƙirjinsa zai yi wa magana. A koya masa ya sunkuyar da ido, haɓa kuwa ta tsaya a sama. Makirufo biyu sun isa, ɗaya a kan sanda a tsakiya, ɗaya a kan teburin Malam, a tsara tsayuwar kowa ta yadda manyan layuka za su faɗo kusa da su. Miƙa makirufo hannu zuwa hannu yana yanka zance. A sa wa kan makirufon soso ko safa saboda iskar damina, a kai janareta bayan ginin aji. In zauren mai rufin kwano ne kuma hadari ya haɗu, gara a roƙi a gabato da wasan kafin jawabai, don in ruwa ya sauko ko lasifika ba ta ceto.

Saura rufewa. An yi wa Malam canjin wurin aiki. Labari ya iso aji, yara suna murna suna buga tebur, yaron yana zaune bai ce komai ba. Malam ya fito da kwalin littattafai, ba wanda ya aike shi, yaron ya tashi ya karɓa ya kai masa bakin mashin, ya ɗaure da roba. Malam ya dube shi, karo na farko a duk wasan, ya ce, "Gobe kada ka makara." Yaron ya ce, "To, Malam." Kada ya yi murmushi, kada ya yi kuka. Kada kuma a turo mai sanarwa ya zo ya karanto darasin da ke cikin wasan, ko da wani babba ya nemi a yi. Malam ya fita, yaron ya tsaya inda yake yana duban hanyar, mai jan labule ya ƙirga biyar a zuciyarsa sannan ya ja.