Me ya dami Rashi?

A shekarar da na yi ina karatun kwatanta addinai a Ingila, wani abokin karatuna Bayahude ya ja ni zuwa zaman da suke yi kowace Alhamis da dare. Yahudawa sun raba Attaura kashi 54, suna karanta kashi ɗaya ko biyu a majami'a kowace Asabar, har su sauke a shekara. Kafin Asabar ɗin sai su zauna su tattauna kashin makon tare da sharhin malamansu. A wannan zama kowa yana da ranar da zai kawo takardar tambayoyi. Da layi ya zo kaina, sai ya faɗa kan kashin da suke kira Wayeshev, wato Farawa, littafin farko na Attaura, sura ta 37 zuwa ta 40, labarin Annabi Yusuf. Na ce a raina abin ya zo gidan sauƙi, tun ina makarantar allo nake jin labarin nan.

Na rubuto tambayoyi goma. Mafarki nawa Yusuf ya yi? Azurfa nawa aka sayar da shi? Abokina ya duba, ya ce: "Ashirin. Yaro ma zai ba ka amsa, daga nan kuma sai mu tashi." Kunya ta kama ni.

Shi ne ya ba ni labarin Nehama Leibowitz, malamar da ta rasu a Kudus a 1997. Tun daga 1942 ta yi kusan shekara talatin tana aika wa mutane takardar tambayoyi ta gidan waya kowane mako, su amsa, ta gyara ta mayar musu. Tambayar da aka san ta da ita ita ce: me ya dami Rashi? Rashi kuwa shi ne babban mai sharhinsu, mutumin Troyes a Faransa, ya rayu daga 1040 zuwa 1105. Nufinta, malamin ba ya magana haka kawai, sai wani abu a lafazin ayar ya tsaya masa.

Na koma kan aya ta 24 a sura ta 37. Ta ce rijiyar da aka jefa Yusuf wofi take, babu ruwa a cikinta. Na karanta ta ya fi sau goma ban ga komai ba. Sai Rashi ya tambaya: in an ce wofi, ai an gama, me ya kawo maganar ruwa? Ya amsa da abin da Talmud, kundin koyarwar malamansu na da, ta ce: ruwa ne babu, amma akwai macizai da kunamai. Nan jikina ya yi sanyi, domin irin wannan bin diddigin kalma na sha ji a wurin tafsirin azumi, ban dai taɓa gwada yi da kaina ba.

Aya ta 28 ce ta fi cin lokacina. Madayanawa sun zo wucewa, sai "suka" fitar da Yusuf suka sayar wa Isma'ilawa. Su wa? Rashi ya ce 'yan'uwansa ne. Jikansa, Rashbam, ya ce a'a, Madayanawan ne suka fitar da shi, 'yan'uwan ba su sayar da shi da hannunsu ba. Jika ya saɓa wa kaka, kuma ana buga su biyun a shafi ɗaya.

Na yayyaga takardar farko, na kawo tambayoyi uku kacal. Ta ukun ita ce: in Rashbam ne da gaskiya, me ya sa daga baya a Masar Yusuf ya ce wa 'yan'uwansa su suka sayar da shi? A kanta muka kai ƙarfe goma sha ɗaya. Wata dattijuwa ta tambaye ni yadda abin yake a wurinmu, na ce a Suratu Yusuf ayari ne ya aiko mai ɗebo ruwa, ya zura guga ya ci karo da yaro. Ta ce in kawo mata ayar a rubuce mako mai zuwa.