Tafiyata Olduvai, inda toka ke faɗin shekarun ƙasusuwa

Daga Arusha ta ƙasar Tanzaniya muka tashi bayan sallar asuba, muka bi ta Karatu muka shiga ƙofar Ngorongoro, daga nan kuma kwalta ta ƙare sai burji da ƙura, mota na ta girgiza mu, ga 'yan Masai da shanunsu a gefen hanya har muka iso Olduvai.

Kwazazzabo ne dogo, wajen kilomita 48, in ka tsaya a bakinsa zaka ga ƙasar hawa hawa, can ƙasa baƙin dutse, sama da shi fari-fari, sai wani ja a tsakiya. Anan Mary Leakey, masaniyar binciken asalin ɗan Adam, ta tono ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da ake kira Zinj a 1959. Ni dama abinda ke cina tun a hanya shine ya akai aka san shekarunsa, sai na tambayi ɗan jagoranmu, yace "Malam ai ba ƙashin ake aunawa ba, tokar ake aunawa."

Wato duk sanda dutse yayi aman wuta tokar na sauka ta rufe ko'ina lokaci guda. A cikinta akwai ƙananan duwatsu masu sinadarin potassium, shi kuma a hankali yake rikiɗewa ya koma iskar argon, to zafin aman wutar yana korar tsohon argon ɗin kaf, sai lissafi ya fara daga sifili ranar da tokar ta huce. In ƙashi na kwance tsakanin toka biyu, ka auna ta ƙasa ka auna ta sama, shikenan shekarunsa na tsakani. Da haka masana a Berkeley ta Amurka suka fitar da shekara miliyan 1.75 a 1961, kuma wallahi wannan dabarar ta burge ni fiye da ƙashin kansa, dan kowa zai iya sake ɗibar tokar ya gwada in bai yarda ba.

A gidan tarihin wurin mun ga kwafin sawayen wasu halittu masu tafiya da ƙafa biyu kamar mutum da aka gano a Laetoli, wani wuri kudu da Olduvai, a 1978, shekara miliyan 3.6. An taka tokar ne tana jiƙe, wata tokar ta sake rufewa, har dunduniya da babban yatsa ana gani raɗau. Na asalin an mayar an binne su dan kar su lalace, shiyasa bamu wahalar da direba zuwa can ba, muka wuce Serengeti kafin a rufe ƙofa.