Dashen kitse a mama ba aikin rana ɗaya ba ne

Ƙannena mata, duk wadda sankara ta sa aka yanke mata wani sashe na mama, aka kuma gasa wurin da na'urar asibiti, ta san ramin da aikin yake bari da yadda fata take yin tauri kamar ƙirgi. Dashen kitse na cikin hanyoyin gyara wannan. Likitan tiyata zai zuƙo kitse daga tumbinki ko cinyarki, ya tace jini da ruwa, ya riƙa ɗura shi kaɗan-kaɗan da siririyar allura. Naki ne, jiki ba ya ƙin sa, yakan kuma tausasa fatar da gashin na'ura ya ƙona. Tun 1895 wani likitan Jamus, Czerny, ya cike ramin mama da dunƙulen kitse daga jikin matar da yake yi wa aiki.

Ni da aka yi mini dashen, gaggawa ce ta cuce ni. Na ga wurin ya cika, na ɗauka an gama, har na kai ɗinki Kasuwar Barci. Ashe rabin cikar kumburi ne. Kitsen da bai samu jini ba jiki yana shanye shi cikin 'yan watanni, shi ya sa akan maimaita aikin sau biyu ko uku, da tazara a tsakani. Ga shi na koma matse wurin da rigar mama, na kama rage ƙiba saboda biki, alhali kitsen da aka dasa yana ramewa tare da ke. Ki tambayi likita tun farko zama nawa za a yi, ki yi lissafin kuɗinki a kan haka.

Mafi muni, da na ji wani ƙullutu, tsoro ya sa na yi gum, ko maigida ban gaya wa ba. Da aka duba, mataccen kitse ne ya dunƙule, kuma hakan na faruwa. Amma yatsa ba ya bambance shi da ciwon da ya dawo, sai hoto, wani lokaci sai an tsakuri nama. Binciken da aka yi zuwa yanzu bai nuna dashen yana dawo da sankara ba, sai dai wannan bai ɗauke miki zuwa asibiti ba.

Kada ki bari wata mai gyaran jiki a shago ta taɓa ki. Ki fara shawara da likitan sankararki, ko a asibitin Barau Dikko yake ko a na Shika, shi zai faɗa miki lokacin da ya dace. Duk ranar ɗaukar hoton mama kuma, ki gaya wa mai ɗauka an yi miki dashe, da wurin da aka yi.