Kafin ka ce famfon gwaji ya mutu

Ranar Talata yaron da nake koya wa aiki ya same ni a shago, famfon hannu na gwada geji (agogon auna matsi) a hammata, ransa a ɓace. "Oga, wannan ya gama aiki. Na kai shi bar 20, kafin in ɗauki biro ya sauka." Na ce ya sake bugawa, ya ɗauke hannunsa, mu ba shi minti biyar. Lambar matsin, wadda ake aunawa da bar, ta ɗan ja baya, sannan ta tsaya cak.

Iska in ka matse ta zafi take yi. Tana hucewa matsin ya ragu, kuma wannan raguwar tana da iyaka. Yoyo na gaske ba ya tsayawa, haka matsin zai yi ta yin ƙasa. Shekaru na yi a masana'antun Sharaɗa, na ga an kwance lafiyayyun famfuna saboda rashin wannan haƙurin, abin yana yi mini ciwo.

In kuwa matsin bai tsaya ba, sai na cire gejin da ake gwadawa da tiyonsa, na toshe bakin famfon. Ya riƙe? To laifin tiyo ne ko mahaɗa ko gejin kansa, kumfar sabulu za ta tona asiri. Farin tef na bakin NPT ne, wato mahaɗa mai zaren da ke tsukewa zuwa gaba. Bakin BSP miƙaƙƙe, wanda zarensa ba ya tsukewa, wosha mai roba yake so, ko ka naɗa tef goma sai ya yi yoyo.

Inda ake yawan cutar famfo shi ne wajen sakin iska. Gejin da aka ciro daga layin bututun masana'anta yana ɗauke da mai da tsatsa, kana buɗe bawul ɗin saki duk su biyo iska su shige ciki. Ga ƙurar hunturu. Tsaba guda ta kwanta a bawul ɗin da ke hana iska komawa, sai ka ji hannun famfo ya yi lakwas. Nakan kwance bawul ɗin a kan farin kyalle don kada ɗan sifirin ya ɓace, in wanke da isopropyl (wani sifirit na goge kaya), in shafa wa zoben roba giris ɗin silikon kaɗan, iya sheƙi.

Bawul ɗin saki da yatsa biyu ake rufe shi. Na taɓa karɓar wanda aka matse da filaya, tsinin bawul ɗin ya cinye mazauninsa, muka yi wata biyu muna jiran kayan gyara.

Abin da na ja masa kunne a kai ranar: gejin oksijin ba ya kusantar famfon gwaji mai aiki da mai, kowa ya ce ya yi, ya turo shi wurina.